Gidan da Ba Ya Cin Gaiwa

A shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai, wani ciwo ya kama samarin Bagudo da suka yi boko, ciwon neman asali. Turawa sun tafi, rediyo kullum maganarta ɗan ƙasa, sai kowa ya so ya san shi ɗan wa ne tun daga tushe. Sai ka ga saurayi ya tsare tsoho a inuwa da tambaya: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, me ya sa aka sauka nan. Da yamma ya zana itace mai rassa a bayan kwali, ya rataye a zaure. Kusan duk itacen da aka zana saiwarsa daga gabas take, kuma da wuya a rasa sarki a cikinta. Ba wanda ya tono bawa. Ba wanda ya tono ɓarawon shanu.

Bunyaminu ma ya kamu. Ya gama sakandare ya dawo gida, yana jiran aikin En'e, hukumar gargajiya, da ya ƙi zuwa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida, da gwaggonsa Asibi, da fadamar shinkafa a bakin kogin Kwara, wadda ita ke ci da su. Nasa itacen gajere ne: shi, mahaifinsa, kakansa Maliki. Daga Maliki sai farin kwali.

"Gwaggo, wa ya haifi Maliki?"

"Uwatai da ubanai."

"Sunansu nake tambaya."

"Su sunka aiko ka?" Ta ci gaba da tsintar tsakuwa a faifan shinkafa. "Ɗan boko, ka ci, ka ƙoshi, ka yi shiru."

Bai yi shiru ba. Ranar kasuwa ya bi fatake ɗaya bayan ɗaya, masu zuwa Zagga, masu zuwa Kamba, da masu ƙetare kogi su bi ta Illo su shiga Dahome. Ya ce duk inda suka ji an san wani Maliki da ya bar gida yana saurayi bai koma ba, su kawo masa labari.

Ya manta da Maidawa. Maidawa maƙwabcinsu ne a fadama, ɗan kasuwa mai kai gishiri ƙetare. Tun mahaifin Bunyaminu na da rai yake cewa fadamar ta gidansu ce, aro aka ba Maliki don baƙo ne, kuma aron baƙo yana komawa. Bai da shaida. Duk wanda ke raye a garin ya buɗe ido ne ya ga Maliki a nan, don haka mai unguwa Ango ya ajiye maganar. Ajiyewa dai ya yi, bai binne ta ba.

Ana tsakiyar bazara amsar Bunyaminu ta zo, da ƙafafunta. Wani mutum ne dogo mai tsilli-tsillin furfura, sunansa Kimba, daga wani ƙauye a bayan iyaka. A jirgin da ya kawo kayan Maidawa ya sauka. A gidan Maidawa ya kwana.

Da safe ya yi sallama a zauren su Bunyaminu. Suka gaisa. Hausarsa da nauyin Dendanci a cikinta.

"Kai ne mai cigiyar Maliki?"

"Ni ne."

"Wan mahaifina ne. Sunan mahaifina Hamma. Zamanin da Faransa ke kama mutane aikin hanya, anka zo gidanmu za a ɗauki namiji ɗaya. Maliki ya gudu ya ƙetare ruwa, Hamma ya tafi a madadinsa. Ya dawo da ƙafa guda a shanye. Har ya rasu yana tambayar fatake ko an ga wansa." Ya dubi rufin zauren, ya dubi kwalin da ke rataye. "Ashe nan ya zauna. Ashe kusa."

Bunyaminu ya dube shi. Idonsa ya sauka a kunnen mutumin, wanda samansa ya ɗan lanƙwaso gaba kamar na mahaifinsa. Ya ɗauke ido da sauri, yana jin haushin kansa. Kunne ai kunne ne. In ana son a yaudari mutum, ba za a nemo masa wanda bai yi kama da shi ba.

"Wa ya gaya maka ina cigiya?"

"Maidawa, a kasuwarmu."

"Shi ya biya maka jirgi?"

"Ya ce hanyarmu ɗaya." Kimba ya yi ɗan murmushi. "Yaro, kana tambaya kamar ɗan duwan mai binciken kaya a bakin iyaka. Ina mutanen gida? An ce akwai ɗiyar Maliki da rai."

"Ba ta jin daɗi."

In da gaskiya ne abin da mutumin ya faɗa, Baffa ya kamata a kira shi. Bunyaminu ya raka shi ƙofa ya ce, "Sai an jima, Malam."

Gwaggo Asibi na tsaye a bayan zana. Ta ji komai.

"Ka tona, ga shi ka samu," in ji ta.

"Gaskiya ya faɗa?"

"Ban san shi ba."

"Maliki bai taɓa ambaton wani Hamma ba?"

"Na ce ban san shi ba." Ta juya ta shige ɗaki, tana ƙunƙuni da Dendanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci.

Kafin azahar ɗan aiken mai unguwa ya zo. Maidawa ya tayar da maganar fadama, ya ce yanzu yana da shaida. Za a zauna bayan kasuwa ta ci.

Bunyaminu ya kwana yana juya abin. Duk abin da Kimba ya faɗa, Maidawa zai iya shirya shi. Sunan Maliki a baki yake. Labarin aikin tilas kowa ya san shi. Hamma kuwa ya mutu, ba mai tashinsa ya tambaye shi. A zuciyarsa ya riƙa ganin Maidawa da Kimba a kasuwar ƙetare, kai haɗe da kai, ɗaya na karantawa ɗaya na haddacewa. Har murmushin nan ma ya ga kamar koya masa aka yi. Abin da yake bukata shi ne wani abu da Maidawa bai sani ba.

Akwai shi, guda ɗaya. Gidan Maliki ba ya cin gaiwa, kifin nan mai shigewa laka ya kwanta in ruwa ya janye. An ce wani kakansu na can baya ya ɓace a daji cikin rani, ƙishirwa ta kusa kashe shi, ya tona busasshen tafki ya tarar da gaiwa a cikin jiƙaƙƙiyar lakarta, ya tsotsi lakar ya rayu. Ya yi alkawari shi da duk wanda ya fito daga tsatsonsa sun bar ta har abada. Ba a faɗin wannan a waje, don kada malamai su ce maguzanci ne. In an miƙo musu a gidan biki, sai su ce sun ƙoshi.

Bunyaminu ya taɓa ci sau ɗaya yana ƙarami, a gidan abokin wasa. Gwaggo ta ji ƙarnin a bakinsa. Ba ta doke shi ba. Ta ja shi bakin kogi, ta durƙusar da shi, ta cika masa baki da laka, ta shafa masa saura a maƙogwaro, ta sa shi ya maimaita wasu kalmomi da Dendanci. Ma'anarsu ita ce, "Kaka, ban sani ba." Bai taɓa tambayar kansa me ya sa da Dendanci ba. Yanzu ma da tambayar ta leƙo, ya kore ta. Rabin mutanen bakin kogin nan suna jin Dendanci.

Ranar kasuwa ya je wurin Barira mai suyar kifi.

"Gaiwa nake so gobe. Babba. Ki dafa da yaji, ki kai zauren mai unguwa."

Barira ta tsaya da matsami a hannu. "Gaiwa? Gidanku? Tun ina budurwa nike suyar kifi, ban taɓa sayar muku da ita ba. Ko boko ne ya buɗe maka ciki?"

"Baƙo za a ba."

"Baƙon Maidawa, kai ka ciyar? Kai dai ko Allah ya shirye ka, ko kana shirya wani abu."

"In kin ajiye, ki faɗi sunan kifin da ƙarfi."

"Sai ka ce mai shela." Ta dube shi ta gefen ido. "To. Ni dai nawa dafawa."

Da ya gaya wa Gwaggo, sai ta ce:

"Kai za ka sa a ɗora ta gaban mutum?"

"In maƙaryaci ne zai ci. A nan zan kama shi."

"In ba maƙaryaci ba ne fa?"

"Sai ya ƙi ci."

"Sai fadama ta tahi."

"Maƙaryaci ne, Gwaggo."

"Kai ka sani," in ji ta, ba ta dube shi ba.

Washegari zauren mai unguwa ya cika. Ango na bisa buzunsa, liman a damansa, dattawa sun jeru a jikin bango. Maidawa ya zo da babbar riga sabuwa, Kimba a gefensa. Bunyaminu ya zauna kusa da ƙofa shi kaɗai.

Maidawa ya fara. "Allah ya ja zamaninka, ni ban tono komi ba. Malam Bunyaminu ne, da iliminsa, ya aika cigiya har ƙasar Faransa. Allah ya saka mashi. Ga ɗan'uwansu ya zo da bakinai. In Maliki daga can ya gudo, baƙo ne. In baƙo ne, fadama aro ce, kamar yadda ubana ya faɗa. Yanzu kuma kowace ƙasa da tutarta. Mutanen Dahome su noma Dahome."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kimba bai yi ba. Ya juyo ya dubi Maidawa.

"Ba ka gaya mani akwai gona cikin maganar ba."

"Mi ya shafe ka da gona? Kai dai faɗi abin da ka sani."

Bunyaminu ya ce a ransa, wannan ma a cikin shirin yake. A nuna kamar bai sani ba, don a fi yarda da shi.

Ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, mutumin nan ya ce shi jininmu ne, ga shi bai ci komai namu ba tun da ya zo. Ba a tsare baƙo da tambaya da yunwa a cikinsa. Na sa an kawo ɗan abin taɓawa."

Ango ya gyaɗa kai. "Wanga yaro ya san ya kamata."

Barira ta shigo da akushi, ta durƙusa ta ajiye a gaban Kimba, ta buɗe. Ƙamshin yaji ya cika zauren.

"Gaiwa ce," ta ce da ƙarfi, "jiya anka tono ta. Baƙo, a ci lafiya."

Kimba ya dubi akushin. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗago ya dubi Bunyaminu, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, ba tambaya. Bunyaminu ya tsare shi da ido.

Mutumin ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannu. Ya yi bisimilla. Ya gutsuri tsoka ya kai baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya ƙara gutsura.

"Mai dafuwar nan ta iya yaji," in ji shi.

Wani sanyi ya sauko wa Bunyaminu tun daga wuya. Ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, kowa ya gani. Gidan Maliki ba ya cin gaiwa. Alkawari ne tun kakan kakanmu, ya hau kan duk wanda ya fito daga tsatson, na nan da na ko'ina. Wanda ubansa ƙanen Maliki ne, ko da wuƙa a wuya ba zai kai ta baki ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Liman ya ɓata fuska. "Wannan wane irin alkawari ne a gidan Musulmi?"

"Malam, wannan mu yi shi daga baya," in ji Ango. "Barira?"

"Ni dai ban taɓa sayar masu da ita ba. Na ɗauka rowa ce."

Wani tsoho a jikin bango ya ce shi ma yanzu ya tuna, sun sha cin abinci da Maliki a gona, in gaiwa ce sai ya ce ya ƙoshi. Maidawa ya ce ƙarya ce aka shirya jiya. Ango ya aika a kira Gwaggo Asibi.

Ta zo lulluɓe, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Aka tambaye ta, ta ce haka ne, kuma ta yarda ta dafa Alƙur'ani a kai. Aka ce ta dubi baƙon, ko ta ga alamar gidansu a jikinsa. Ta ɗaga kai. Bunyaminu ya ga idonta ya tsaya a kan akushin, da hannun mutumin mai maiƙo, sannan ya hau zuwa fuskarsa.

"Ido ya tsufa," ta ce. "Ba ni gani sosai."

Ango ya juya ga Kimba. "Malam, a gidanku ana cin gaiwa?"

"Ga shi kun gani."

"To ko wani Malikin ne naku?"

"Malikai da yawa a duniya, ranka ya daɗe. Wataƙila na yi ɓatan kai. A gafarce ni."

"Kai, ba haka ka gaya mani ba a jirgi," in ji Maidawa.

"A jirgi ban ga gidan ba."

Ango ya kakkaɓe hannu. Ya ce shaida ta rushe da bakin mai ita, fadama tana inda take, kada a sake kawo masa wannan magana. Aka shafa fatiha. Kafin mutane su gama watsewa, an jefo jakar Kimba waje daga gidan Maidawa.

Da la'asar Bunyaminu ya gangara fadama. So yake ya taka ta, ya ji tana nan. Ƙasar ta tsattsage da zafi, tana jiran ruwa. Ya bi kunya har ƙarshenta, inda ciyawa ta yi tsayi kusa da mashigin jirgi. A nan ya ji motsi.

Kimba ne durƙushe a bakin ruwa, jakarsa a gefe. Ya yi amai, ya share baki. Ya sa hannu ya ɗebo laka ya cika bakinsa da ita, ya shafa saura a maƙogwaro, daga sama zuwa ƙasa, yadda Gwaggo ta yi wa Bunyaminu. Ya tofar. Ya yi magana da Dendanci, a hankali, kansa a sunkuye. Kalmomin nan ne. Ƙarshensu kawai ya sauya.

"Kaka, na sani."

Bunyaminu ya tsaya kamar an dasa shi. Ko a nan ma sai da zuciyarsa ta yi ƙoƙarin nemo wata hanya: ko ya ji takunsa ne, ko wani ya gaya masa. Amma ba mai gaya masa. Su biyu suka san wannan a duk garin, shi da Gwaggo.

Ciyawa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kimba ya waiwayo, laka a gemunsa. Bai yi mamaki ba.

"Ita ce wannan?" Ya nuna fadamar da haɓa.

"Ita ce."

"Ƙasa mai kyau. Ya iya zaɓe." Ya kuskure baki ya miƙe, ya ɗauki jaka. "Mahaifina ya ce in na same shi in gaya mashi ba ya riƙe da shi. Ƙafar ma ya saba da ita. Ka gaya wa tsohuwa, in kun keɓe."

Kalmar ta taso wa Bunyaminu har bakin leɓe. Baffa. Sai ya hangi jirgi ya matso gaɓa, mai tuƙin kuwa surukin Maidawa ne, ya dogara da gora yana kallonsu. Kimba ma ya gan shi.

"Koma," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ka raka ni. Kada kuma ka ƙara aiko cigiya."

Bunyaminu ya ɗaga murya yadda mai jirgi zai ji. "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

"Amin, yaro."

Jirgin ya tura. Mutumin ya zauna ya ba gari baya, bai waiwayo ba har suka shige bayan tsibiri.

A gida ya tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta. Kusa da ita akwai kwanon tuwon shinkafa a rufe da faifai, irin kwanon da ake fitarwa don babban baƙo. Ya huce. Ba a aika da shi ko'ina ba.

"Ya tahi?"

"Ya tafi."

"Da laka a bakinai?"

Ya sunkuyar da kai. Ta gyaɗa kai, ta goge ido da gefen mayafi.

"Kin san shi, Gwaggo."

"Tun daga sallamarsa. Muryar babana ce." Ta jawo kwanon ta buɗe, ta sake rufewa. "Fadama tana nan?"

"Tana nan."

"To. Kai ka sa anka dafa, kai ka sa anka ɗora. Tahi ka wanke bakinka tun rana ba ta faɗi ba."

Ya bi ta zaure zai fita. Kwalin na nan a rataye, sunaye uku da farin fili a samansu. Yanzu ya san abin da zai rubuta a wurin, ya kuma san ba zai rubuta ba. Ya bar shi yadda yake.

A bakin kogi ya durƙusa inda gwiwoyin mutumin suka bar gurbi. Ya ɗebo laka ya cika baki. Tana da sanyi, da ɗanɗanon ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ya shafa saura a maƙogwaro, ya tofar. Ya buɗe baki zai ce bai sani ba, sai kunnen nan mai lanƙwasa ya faɗo masa a rai, da yadda ya ɗauke idonsa da sauri.

Ya daɗe a durƙushe. Aka kira magariba a gari, bai ce komai ba tukuna.